Abin da Ya Hana Firjinmu Yin Ƙanƙara a Cikin Azumi

A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ya fi tsananta a wannan yanki namu, injin ƙanƙarar da ke cikin firjin gidanmu ya daina aiki. Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa, firjin kuwa yayana ne ya aiko wa mahaifiyarmu da shi daga Kano, irin mai ƙofa biyu ɗin nan na hannu da ake shigowa da shi daga Turai. A ɓangaren firizarsa akwai ɗan inji da ke zuba wa kansa ruwa a faranti, ya jira ruwan ya daskare, sannan ya murɗa farantin ya juye ƙanƙarar cikin mazubi. Inna takan raba wannan ƙanƙara ga maƙwabta gab da magariba, musamman gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya, saboda haka ranar da ta buɗe mazubin ta tarar da shi wayam, damuwar ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ka duba mini firjin nan, yau kwana biyu ke nan ban ji ƙarar zubowar ƙanƙara ba."

Duk wanda na yi wa maganar, amsa ɗaya yake ba ni, wato gas ya ƙare, a kira mai gyara ya ƙara. Wannan fahimta ta zama ruwan dare a wajenmu, kuma tana jawo wa mutane asarar kuɗi ba gaira ba dalili. Gas ɗin firji ba ya ƙonewa kamar na girki, domin zagayawa yake yi cikin rufaffun bututu, ba ya raguwa sai in wani wuri ya huje. Naman da ke cikin firizarmu yana nan a sandare kamar dutse, kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin cikin bututu, yana tashi yana tsayawa yadda ya saba, wannan kuwa ya ishe ni shaida cewa matsalar ba ta gas ba ce. Da na bari an ƙara, da an yanke bututu mai lafiya, an karɓi kuɗin aiki, ƙanƙara kuma ba za ta dawo ba.

Na fara da abubuwan da ido ke gani. Injin yana da maɓallin kunnawa nasa daban, kuma yana da wani ɗan hannu na roba da ke sauka cikin mazubi ya taɓa ƙanƙara, in ya ji mazubin ya cika sai ya dakatar da aiki. Yaro na iya kashe maɓallin, ledar nama kuma na iya tokare hannun, injin ya tsaya alhali lafiyarsa ƙalau. Na tarar da duka biyun daidai. Sai na ari ma'aunin sanyi na ajiye shi cikin firiza tun daga sahur har azahar, ya nuna mini digiri 11 ƙasa da sifili, alhali ana so firiza ta tsaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Wannan sanyin ya isa ya riƙe nama, amma yana jinkirta injin ƙwarai, domin injin ba ya juye faranti sai na'urar da ke manne a ƙarƙashinsa ta ji cewa ruwan ya daskare sarai.

Dalilin raunin sanyin bai yi wuyar ganowa ba. Da na zare wuta na janyo firjin daga jikin bango, na buɗe murfin da ke ƙasa ta baya, sai na tarar ƙurar hunturu ta lulluɓe bututun fitar da zafi da fankarsa, ta haɗu da zare da gashin kaza ta zama kamar bargo. Ta nan ne firji ke fitar da zafin da ya kwaso daga ciki, in wurin ya toshe sai kwamfireso ya yi ta wahala ba tare da sanyi ya kai ba. Na share da buroshi mai laushi, na bar tazarar taƙi guda tsakanin firjin da bango. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba a jikin takardar da ke manne cikin firji, wato harafin da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. Mai harafin N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST digiri 38, mai T kuma digiri 43. Namu ST ne, ga shi a ɗaki mai rufin kwano ba silin, a garin da zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Washegari muka mayar da shi ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda ya fi kowane ɗaki sanyi a gidan.

Sanyi ya dawo, amma ƙanƙara ba ta dawo ba. Na danna maɓallin gwaji da ke jikin injin, farantin ya juya ya koma mazauninsa, na ji ƙarar bawul ɗin ruwa, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya ya kuma rufe, daga baya na 'yan daƙiƙoƙi, sai dai ko ɗigo bai sauka cikin farantin ba. A nan ne na kira wani mai gyaran firji daga cikin garin Ringim, dattijo mai haƙuri da ba ya gaggawar kwance abu. Ya haska tocila a bakin siririn bututun da ke zuba ruwa cikin faranti, ya nuna mini ƙanƙara ta toshe shi tam. Na ce, "Injiniya, ashe abin ƙarami ne, a fasa ta a wuce wurin." Ya ce, "Malam, fasawa ba wuya, amma sai mun san abin da ya sa ta taru, in ba haka ba bayan mako guda za ka sake kira na." Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sa wuƙa ko sukudireba cikin firiza, domin yawancin firjin Turai na yanzu suna amfani da gas mai suna R600a ne, wanda ke kama wuta, kuma huda ɗaya ta isa ta lalata firjin gaba ɗaya. Da ruwan ɗumi da sirinji ya narkar da toshiyar, bayan ya zare wuta.

Bayanin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da ya sa na rubuta wannan, domin ina ganin duk mai irin wannan firji a ƙauye zai gamu da shi. Bawul ɗin da ke shigar da ruwa yana buƙatar ruwan ya zo masa da ƙarfi, aƙalla wajen bar 1.4 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), kafin ya buɗe sosai ya kuma rufe sosai. Mu kuwa ruwanmu daga burtsatse yake hawa tanki, daga tanki ya gangaro da nauyinsa kawai. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kimanin bar 1 ne, tankinmu kuma bai fi mita 4 daga ƙasa ba, wato ƙarfin da ke isa ga firjin bai kai ko sulusin abin da ake buƙata ba. Sai tanki ya yi tsayin mita 14 kafin ya wadatar, wanda ba gidan da zai gina haka saboda ƙanƙara. Idan ƙarfin ruwa ya gaza, bawul ba ya rufewa tsaf, sai ruwa ya riƙa tsiyaya kaɗan kaɗan cikin bututu, yana daskarewa a hankali har ya toshe hanya. Da ya faɗi haka sai na tuna cewa tun zuwan firjin ƙanƙararsa ƙanana ce, wasu ma da rami a ciki, muka ɗauka haka ƙirarsa take, ashe tun ranar farko injin yake nuna mana cewa ruwa bai ishe shi ba.

Abin da ya ƙarasa tsayar da shi shi ne matatar ruwa. Masu ƙera firjin sun ce a sauya ta duk wata shida, tamu kuwa ba a taɓa sauyawa ba, kuma ruwan burtsatsenmu yana zuwa da lallausan yashi. Da muka cire ta, nauyinta kaɗai ya nuna abin da ta tara. Ɗan ƙarfin da ya rage wa ruwan a cikinta yake ƙarewa.

Gyaran bai kai tsadar da na ji tsoro ba. Yayana ya sayo sabuwar matata a kasuwar Sabon Gari ta Kano, tare da ƙaramin famfo na ƙara ƙarfin ruwa, irin wanda ke tashi da kansa idan an buɗe ruwa ya kuma tsaya idan an rufe. Injiniyan ya ɗaura famfon a kan bututun da ke zuwa firji, ya sa wata matatar yashi mai araha a gabansa domin ta tare ƙazanta kafin ta isa ga mai tsadar. Ya gwada bawul ɗin da na'urar auna wuta ya tabbatar wayar cikinsa ba ta ƙone ba, saboda haka ba mu sauya shi ba, ko da yake mai shagon ya so ya haɗa wa yayana da sabo. Ya gwada robar bakin ƙofa ta hanyar maƙala takardar kuɗi ya rufe ƙofar ya ja, ya ga tana riƙewa ko'ina sai ƙasan kusurwa guda, wadda ya gasa da ruwan zafi ta koma daidai.

Saura batun wuta, wanda shi ba a gama da shi ba. Injin yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya juye faranti guda, kuma duk ɗaukewar wuta mai tsawo tana mayar da shi baya, ta narkar da saman ƙanƙarar da ke mazubi ta haɗe ta dunƙule guda. Mun sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, domin kwamfireso yana so a ba shi mintoci kaɗan kafin ya sake tashi bayan wuta ta ɗauke, kuma mun tsara cewa janareto zai yi aiki daga azahar zuwa magariba, ba a buɗe firiza a tsakani. Zubi biyu na farko mun zubar da su saboda ƙurar sabuwar matata. Na uku ya sauko ana saura kwana tara Sallah, dunƙulallu cikakku ba rami, Inna ta ƙulla su a leda ta ba yara suka kai gidan liman da gidan wata tsohuwa da ke bayan masallaci kafin a kira salla.