Zarton da ba ya neman sukudireba

Da karsashi na tashi yau. Itacen nan da iska ta kayar ya zo hannu, sabon injin zartona kuma ya samu aikin da zai nuna kansa. Kawu ya iso da nasa tsohon, da 'yar sukudirebarsa a aljihun gaba kamar kullum.

Da sanyin safe nasa ya yi ta gardama. Ya tashi, ya mutu, ya sake tashi. Kawu bai ko ɓata rai ba, ya durƙusa ya sa sukudireba a ramukan nan uku na gefen kafireta: L na man da inji ke sha idan yana tafiya a hankali, H na lokacin da aka danne totur har ƙasa, na ukun kuma na sulo, wato gudun inji idan ba a taɓa totur ba. Ya ɗan murɗa, ya karkata kai yana saurare, ya sake murɗawa. Abin da yake nema shi ne injin ya riƙa ɗan gurnani idan an sake masa wuta babu itace, da an kafa shi a cikin itace kuma muryar ta washe. Idan ya yi ƙara siririya mai tsini, mai ya yi masa kaɗan ke nan. Waɗannan injinan kuwa a cikin fetur ake gauraya musu baƙin mai, kashi 1 cikin 50 ga yawancin na yanzu, don haka ƙarancin fetur ƙarancin maiƙo ne, fistin ya yi zafi ya goge.

Nawa kuwa tuni ya ci rabin reshe. Ban iya ɓoye murmushi ba.

Da muka zauna hutawa ya karɓe shi yana jujjuyawa. Ya ce, “Ina ramukan?” Na ce, “Kawu, ai wannan babu L babu H, da kansa yake saita kansa.” Na shiga yi masa bayani da zumuɗi: kafireta ce dai a ciki, da 'yar fatar robarta da komai, sai dai an sa mata ƙaramin bawul na lantarki da ke buɗewa yana rufewa, wata 'yar kwamfuta kuma tana lura da gudun inji tana ba shi umarni. Babu batir, maganaɗisun da ke ba fulogi wuta shi ne yake ba ta. Lokaci lokaci takan ɗan rage mai na ƙiftawar ido ta ga ko gudu zai ƙaru ko zai ragu, daga nan ta san inda za ta tsaya. Ko an hau tudu iska ta yi sauƙi, ko matatar iska ta fara toshewa da garin katako, ita za ta gyara. Kamfanin Stihl suna kiran nasu tsarin M-Tronic, kamfanin Husqvarna kuma AutoTune. Har na ƙara masa da cewa a 2019 Stihl ta fitar da MS 500i, wanda ba shi da kafireta sam, fesa masa mai ake yi kamar mota.

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, “To ɗan nan, ranar da ya fara shan iska ta inda bai kamata ba, wa zai gaya maka?”

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat har yanzu. Don gaskiyarsa. Idan robar gefen karanshaf ta fara yoyo, ko bututun mai ya tsage, tsohon inji nan take yake kai ƙara: sulo ya haukace, sarƙa ta riƙa gudu ba a taɓa totur ba, mai kunne ya ajiye shi ya bincika. Sabon kuwa ƙara mai zai yi ta yi yana rufe ɓarakar, kamar majinyacin da ke cewa lafiya lau don kada a damu, har ranar da bawul ɗin ya kai iyakarsa. Kuma a ranar sukudireba ba ta da abin yi, sai an kai shi wurin dillalin da ke da na'urar da ake jonawa a karanta abin da ke cikinsa.

Na so in ce masa injinan da mutane suka ƙone da hannunsu wajen murɗa H don neman gudu ba su ƙirguwa, kuma ba kowa ke da kunnensa ba. Ni dai ba ni da shi. Har ma kafiretocin gargajiya na yanzu an sa wa sukurorinsu hulunan roba masu taƙaita murɗawa, saboda dokokin hayaƙi na Amurka da Turai. A wajen aiki sabon ya fi, bai sha mai kamar na Kawu ba, kuma da rana ta take bai canza murya ba alhali shi sai da ya sake durƙusawa. Ban faɗa ba. Na ga yadda ya miƙo min shi da hannu biyu, kamar kayan da ba ruwansa da su.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk abin da na sani game da inji daga tsayuwa a bayansa na koya, yana murɗawa ina saurare. Ƙaramin ɗana yau ya tsaya a bayana, abin da ya gani kawai na ja igiya na fara yanka.

Sarƙa ta dakushe da yamma, ta taɓa ƙasa. Wasa ta sai gobe. Bayana ciwo. Ragowar man da ke tanki na juye, don fetur mai kwana a ciki shi ke busar da fatar kafireta, tsohuwa da sabuwa duka.

Kawu ya ce jibi in kawo tsohon janareton nan da ke tari, mu buɗe kafiretarsa, kuma in zo da yaron.