“Likita, jinin wa?”

Da na fara bincike kan cutar sikila, hankalina kacokan yana ɗakin gwaje-gwaje. Ƙanƙantar tushen cutar ce ta ja ni. A sarƙar beta ta himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin ƙwayar jan jini, akwai ƙananan tubala 146 da ake kira amino asid, amma guda ɗaya tak, na shida, shi ne ya sauya. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a himogulobin take, daga baya Vernon Ingram ya gano takamaiman inda sauyin yake. Sauyin nan ne yake sa ƙwayar jan jini ta lanƙwashe kamar lauje idan oksijin ya yi ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Ina ganin duk wanda ya fahimci wannan ya ci rabin aikin. A ɗakin yara aka nuna mini da sauran rina a kaba.

An kawo mana wata yarinya 'yar shekara bakwai, ɓarin jikinta ya shanye dare ɗaya. Mutane da yawa ba su san sikila tana jawo wannan ba, alhali kusan ɗaya cikin goma na yaran da ke da SS suna gamuwa da shi kafin su cika shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Ƙanenta ma SS ne, sai muka ɗora masa na'urar TCD a gefen kai, wadda ke auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ya haura santimita 200 a daƙiƙa, ma'ana shi ma yana kan hanya. Na san amsar da ke cikin littafi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Na zaunar da mahaifiyarsu, na ce, “Mama, za a riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata.” Ta dube ni, ta ce, “Likita, jinin wa?”

Ba gardama take yi ba. Mijinta da ƙannensa sun riga sun bayar saboda yayar. A wurinmu 'yan'uwan majinyaci ne yawanci ke cike gurbin ledar da aka ɗauka. Ga kuɗin mota daga ƙauye sau goma sha biyu a shekara, ga maganin rage sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki, wanda ya fi ƙarfinsu. Na yi shiru, don ba ni da amsa, kuma kunyar wannan shirun ce ta sauya alƙiblar aikina.

Tambayar tata ce masu bincike a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna suka tasa a gaba, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt. Sun gwada hydroxyurea, maganin da ke ƙara irin himogulobin da jarirai ke zuwa da shi duniya, kuma wannan himogulobin ɗin ne ma yake hana cutar bayyana sai jariri ya kai kamar wata biyar ko shida. Sun raba yara 220 kashi biyu, wasu suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna babu wani bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin ɓangarorin, sai dai masu shan 20 ba a cika kwantar da su a asibiti ba. Ƙwayar da uwa za ta ba ɗanta a gida ta zama mafita inda jini ba ya samuwa. A ganina wannan aikin ya fi kusa da yaranmu a kan maganin gyaran ƙwayar halitta da aka amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023, mai kuɗi sama da dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Ina murna da shi har zuciya, amma ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara.

Harshe ma sai da na sake koyo. Na daɗe ina gaya wa miji da mata masu AS cewa yiwuwar su haifi mai SS “ɗaya cikin huɗu” ne, sai wani magidanci ya ce mini tunda ɗan fari ya ɗauka, ukun da za su biyo baya sun tsira. Laifin bayanina ne. Yanzu nakan ce kowane ciki da nasa rabon, ba ruwansa da na baya. Nakan kuma tsaya in raba musu rukunin jini da jinotayif, don har gobe akwai mai nuna mini O da murnarsa a matsayin shaidar ba shi da sikila. Idan kaka ta ce gidansu ana wabi, ba na yi mata musu. Sai in tambaye ta ko yaran da suka rasu sun yi kumburin hannu da ƙafa, ko idonsu ya yi ɗorawa.

Yaron nan mun ɗora shi a kan hydroxyurea. A takardar tattara bayanan bincikena kuwa na ƙara layi biyu bayan awon jini: nawa ne kuɗin mota zuwa da komawa, da kuma wa zai zauna da sauran yara ranar zuwa asibiti. Mahaifiyarsa takan zo da ɓawon katin maganin a ƙulle a gefen mayafinta, ta baje shi a kan teburina mu ƙirga tare.