Yadda zaka gane samfurin da aka gina shafin SharePoint a kansa

Duk wanda ya taɓa gadar aikin kula da SharePoint (manhajar Microsoft ta buɗe shafukan ajiye fayiloli da aikin haɗin gwiwa) a wata ma'aikata ya san wannan ciwon kan, ka zo ka tarar da shafuka rututu, wanda ya buɗe su ya bar aiki tun tuni, ba takarda ba bayani, sai kawai oga ya leƙo yace a buɗe wa sashen kuɗi shafi irin na sashen ma'aikata sak. To irin wanne? Kafin kayi irinsa ai sai ka san da wane samfuri (template) aka ƙirƙiri na farkon, kuma abun haushin shi ne Microsoft basu rubuta wannan a inda ido zai gani da sauƙi ba.

Kallon fuskar shafi baya isa. Launi, tambari, jerin maɓallan gefe, duk ana canza su cikin minti biyu. Amma samfurin asali tun ranar da aka buɗe shafin ake rubuta shi kuma yana nan daram, kamar fandishon gida ne, kayi ta sake fenti yadda kake so shi dai yana ƙasa. Sunansa kashi biyu ne, suna sai alamar # sai lamba. STS#0 shi ne tsohon shafin tawaga wanda masu SharePoint 2010 da 2013 suka saba da shi, STS#3 sabon yayi ne amma ba a haɗa shi da rukunin Microsoft 365 ba, GROUP#0 kuma shi ne mai rukuni, irin wanda yake fitowa da kansa duk lokacin da wani ya buɗe sabuwar tawaga a Teams. SITEPAGEPUBLISHING#0 na shafin sanarwa ne, wanda mutane kaɗan ke rubutawa jama'a da yawa su karanta. Akwai su BLANKINTERNET#0 (tsohon shafin wallafa) da BLOG#0 da sauransu amma waɗancan huɗun su zaka fi cin karo da su.

Hanyar da na fi so ita ce ta burauza, saboda bata buƙatar ka zama admin, in dai kana iya buɗe shafin shikenan. Ka buɗe shi, ka danna Ctrl da U, rubutun da ke bayan fejin zai zubo maka tuli guda, kada ya tsorata ka ba karanta shi zakayi ba. Danna Ctrl da F ka nemi g_wsaSiteTemplateId. Idan tsohon feji ne zaka ga layi ɗaya da amsar a gabansa ƙarara, misali 'STS#0'. Idan bai samu komai ba to fejin na sabon yayi ne, sai ka nemi webTemplateConfiguration, amsar tana nan kusa da shi.

Akwai wadda ta fi wannan tsafta. A ƙarshen adireshin shafin ka ƙara /_api/web?$select=WebTemplate,Configuration ka danna Enter. Zai dawo maka da ɗan rubutun XML, a ciki zaka ga WebTemplate da suna, Configuration da lamba, kai zaka haɗa su da kanka, in kaga STS da 3 kasan STS#3 kenan. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne suna liƙa wannan a bayan adireshin feji gaba ɗaya har da su SitePages da Home.aspx, sai ya ƙi. Ka goge duk wannan jelar tukunna, ka tsaya daidai kan sunan shafin. Kuma ka lura, ƙaramin shafi da ke ƙarƙashin babba yana da nasa samfurin daban, sau da yawa uwar STS#0 ce ɗan kuma BLOG#0, don haka adireshin wanda kake tambaya a kansa zaka sa ba na uwarsa ba.

Wannan duk na shafi ɗaya ko biyu ne. In ɗaruruwa ne a gabanka ba mai zama yana danna Ctrl da U har magariba. Admin yana da ginshiƙin Template a jerin Active sites na cibiyar gudanarwa (SharePoint admin center), sai dai suna yake nunawa irin na mutane ba lambar ba. Don lambar sai PowerShell, manhajar da ake rubuta umarni a cikinta: Get-SPOSite -Limit All | Select Url, Template ya jero maka su, ka tura su Excel ka tace yadda kake so. Manyan shafuka kawai yake kawowa fa, ƙananan sai ka bi su da PnP PowerShell, wani kunshin ƙarin umarni da ake ɗorawa a kan PowerShell. Masu SharePoint a sabar (server) ofishinsu kuwa Get-SPWeb ne nasu, su zaɓo WebTemplate da Configuration.

Yanzu ga inda abun ke rikita mutane sosai, kuma ni a ganina laifin Microsoft ne da son sake suna. Abun da a da ake kira site designs sun mayar da sunansa site templates, shi ne wanda kake gani idan ka danna alamar Settings (gear) a sama ka zaɓi Apply a site template. Wannan ba samfurin asali bane ko kaɗan, umarni ne kawai ake gudanarwa a kan shafin da ya riga ya wanzu, a ƙara masa jerin bayanai (lists), a sake masa feji na gaba, a sa launi. Ka ɗora masa guda nawa ma kake so, in ka leƙa ƙasa GROUP#0 ɗin nan zaka tarar. Saboda haka idan abokin aiki yace maka shafinsu da samfurin gudanar da aiki aka yi shi, ka tambaye shi a ina ya gani, galibi wannan na saman yake nufi. Tarihin waɗanda aka ɗora yana cikin Site information.

Haka tsohon shafin STS#0 da aka haɗa da rukunin Microsoft 365 daga baya, zai sami sabuwar fuska da akwatin imel da komai, kowa ya rantse GROUP#0 ne, amma lambar bata motsa ba. Mafi wuya shi ne wanda aka yi da Save site as template, wato wani ya adana shafinsa a fayil ɗin .wsp ana ta haifar wasu da shi. Waɗannan sunan samfurin tushe suke nuna maka, ba sunan fayil ɗin ba, sai dai ka shiga ma'ajiyar Solutions ka ga abun da aka loda a wurin sannan ka kwatanta jeri da jeri.

Amfanin sanin lambar yana fitowa ne ranar da za'a kwashe kaya daga tsohuwar saba zuwa SharePoint Online, ko ranar da aka ce a haɗa shafi da Teams. Shafin tawaga yana karɓar rukuni, shafin sanarwa da tsofaffin na wallafa basa karɓa, kuma babu maɓallin da zai mayar maka da SITEPAGEPUBLISHING#0 ya koma GROUP#0. In aka buɗe ba daidai ba sai dai a buɗe sabo a kwashe fayiloli a sake raba izini, shi yasa nake sa ginshiƙin samfuri a Excel ɗina tun kafin in yiwa kowa alkawarin rana.