Ni da tsohuwata da su Will

Yau da rana tsohuwar da nake kula da ita a nan Maryland ta sa na nemo mata bikin auren Will da Sonny, wasu maza biyu a Days of Our Lives, wasan kwaikwayon talabijin na Amurka, a waya, wanda aka nuna a 2014. Dama aikinta kenan kullum bayan abinci, tsofaffin sassan shirin nan. Da farko wallahi zaman dole nake yi, in an zo wajen su biyun sai in miƙe wai zan duba shayi, don mu a gidanmu ko a baki ba a ambatar maza biyu da soyayya, amma a hankali sai ga ni na san wa ya yi wa wa laifi, har da jin haushin Will ranar da ya ci amanar Sonny, ni da nake gudu.

To yau da aka zo inda Marlena, kakar Will, ta tsaya gabansu za ta ɗaura auren, sai tsohuwa ta ce tsayar min nan. Kofin hannunta na ta rawa har shayin ya ɗiga a bargo. Ta ce ƙaninta ya yi shekara 30 da mutum ɗaya a Baltimore, cikin dangi ba wanda ya taɓa taka gidansu har ya mutu, ita ma haka. Na rasa abin cewa, na dai karɓi kofin na miƙa mata tishu. Tun da na dawo ƙanin nan ne kawai a raina, ko ya yi ta jiran ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.