Layi Ɗaya A SystemInit Ya Hana Famfon Sola Tashi

Na'urar da muke haɗawa ta kunna famfon sola ce ga masu noman shinkafar rani a fadamar Argungu, a kan ƙaramar kwamfutar cip ɗaya (microcontroller) STM32F103C8T6. Don kada a riƙa kwance akwati duk sanda za a sabunta manhaja, na sa butloda, ƙaramar manhajar da ke fara tashi ta karɓi sabuntawa, a kilobait 8 na farkon filash, ma'ajiyar manhaja a cikin cip ɗin, daga 0x08000000, manhajar famfon kuma ta fara daga 0x08002000. A fayil ɗin linka, mai tsara inda komai zai zauna a ma'ajiya, na mayar da ORIGIN can, LENGTH ya koma 56K.

In wuta ta shigo, Cortex-M3, ƙwaƙwalwar cip ɗin, ba main, mafarin aikin manhaja, yake nema ba. Kalma biyu masu bit 32 yake karantawa. Ta 0x00000000 ita ce kan sitak, wurin ajiyar wucin gadi a RAM, a nan 0x20005000 tunda RAM ɗin 20K ce daga 0x20000000. Ta 0x00000004 kuma adireshin Reset_Handler ne, aikin da ke fara gudana, kuma dole bit ɗinsa na ƙarshe ya zama 1 saboda tsarin umarni na Thumb, in ba haka ba sai babban kuskure na HardFault. In ƙafar BOOT0 ta cip ɗin na ƙasa, filash ce ke bayyana a adireshin sifiri. Butloda kwaikwayon wannan yake yi: ya ba __set_MSP, mai saita kan sitak, kalmar da ke 0x08002000, ya yi tsalle zuwa adireshin da ke 0x08002004.

Tsallen ya yi daidai. Fitila ta kama, sai komai ya tsaya cak a HAL_Delay na farko, aikin da ke jira ta ƙirga milisakan. Na zargi rigileta mai daidaita wuta, na zargi zafin Kebbi, ga manomi yana jira shinkafa na son ruwa. Sai da na jona ST-Link, na'urar leƙa cikin cip, na karanta 0xE000ED08, wato VTOR, rajistar da ke nuna inda jadawalin adireshin katsewa (interrupt) yake, na ga 0x08000000, alhali butloda ya sa 0x08002000 kafin tsalle.

Har yanzu abin na ci min rai. SystemInit da ke system_stm32f1xx.c tana gudana kafin main, kuma tana rubuta FLASH_BASE da VECT_TAB_OFFSET cikin VTOR, VECT_TAB_OFFSET kuwa sifiri ne yadda ya zo. Ta goge abin da butloda ya rubuta ba tare da wata alama ba. Saboda haka duk milisakan ɗaya SysTick, agogon cikin cip, na zuwa jadawalin butloda, yana ƙara maƙirgin lokacinsa, wato uwTick, na manhaja bai taɓa motsi ba. Mafi muni, gurbin RAM ɗin da yake ƙarawa yanzu na manhajar famfo ne, wato wata ƙima ce ake ɓatawa a ɓoye. Gyaran kuwa a mayar da VECT_TAB_OFFSET 0x2000. A sababbin fayilolin sai ka buɗe USER_VECT_TAB_ADDRESS ma, in ba haka ba layin ba zai shiga ba. Dole tazarar ta zama ninkin 0x200.

Kafin tsalle ka kashe SysTick, ka share katsewar da ke jira a NVIC, sashen da ke kula da katsewa. In ka kira __disable_irq a butloda, dole manhaja ta kira __enable_irq, don tsalle ba risat ba ne, PRIMASK, makullin katsewa, na nan yadda ka bar shi. Ka kuma duba kalmar da ke 0x08002000 ta faɗo cikin RAM, filash da aka goge 0xFFFFFFFF take nunawa. Amma duk sanda manhaja ta tashi sannan ta sandare, VTOR nake fara karantawa kafin in taɓa mita.

Wanda zai koma STM32F030 don araha ya sani Cortex-M0 da ke cikinsa ba shi da VTOR sam. Can sai ka kwafe jadawalin zuwa 0x20000000, ka juya adireshin sifiri zuwa RAM ta sashen saiti na SYSCFG, ka kuma ware wurin a linka kada wasu ƙimomi su hau kansa.