Auna taurin jijiya ga masu gadon ciwon Marfan a Gusau

Masu ciwon Marfan da nake aunawa a Gusau galibi daga sashen ido ake turo su, dogaye masu zara-zaran yatsu, bayan an gano madubin cikin idonsu ya goce. Ciwon gado ne da ke samun kusan mutum 1 cikin 5,000, kuma haɗarinsa yana ga babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, wadda bangonta kan yi tauri tun da ƙuruciya, ta riƙa buɗewa a hankali har wata rana ta tsage.

Da na'urar hoton zuciya nake aikin, haɗe da wayoyin ECG, masu ɗaukar bugun zuciya. Nakan ɗauki lokacin da bugun jini ke isa jijiyar wuya, sannan na matsematsi, in raba tazarar da ke tsakaninsu da bambancin lokacin, domin gwargwadon taurin jijiya, gwargwadon saurin bugun. Ƙa'idar da masanan Turai suka amince da ita a 2012 ita ce a yi lissafi da kashi 80 cikin 100 na tazarar, kuma abin da ya haura mita 10 a sakan ya yi yawa. Sai dai matashi mai lafiya yakan tsaya wajen mita 6, saboda haka mita 8 ga ɗan shekara 20 abin lura ne.

Tef ɗin awo ya fi komai ba ni wahala. Ƙirjin yawancinsu ya lotsa ko ya turo waje, wasu kuma ƙashin bayansu ya karkace, idan tef ya bi lanƙwasar jiki sai tazarar ta ƙaru, jijiya ta fito da taurin da ba ta da shi. Yanzu miƙar da shi nake yi a saman jiki ba tare da ya kwanta ba.

Dole mutum ya kwanta rigingine na minti 10 tukuna, a kuma auna jininsa, tunda hawan jini kaɗai yana ɗaga sakamakon. Hani ga shayi da taba na awa 3 kafin awo bai isa a nan ba, sai na tambaya, "Baba, an ci goro da safen nan?" Mata kuwa, ma'aikaciya mace ce ke auna musu matsematsi, in ba haka ba da yawa ba za su dawo ba.

Abin da na fi nanata wa ƙananan ma'aikata shi ne wannan awo yana tsallake tushen jijiyar da ke jikin zuciya, alhali nan ne ta fi buɗewa. Faɗin tushen ne ke yanke hukuncin tiyata, galibi idan ya kai santimita 5, don haka ko sakamakon tauri ya yi kyau sai na auna faɗin, in tabbatar suna shan maganin atenolol ko losartan da aka rubuta musu, sannan in nemi a kawo 'ya'ya da 'yan'uwa, domin kowane ɗa na mai ciwon yana da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar gadonsa.