Kada ka goge shi da toka: darasin gonakin Ingila

Mu da muka taso muna ganin ana dirje tasa da toka da tsamiya har ta ɗau ido, hannunmu ba ya iya barin ƙarfe da dauɗa. A Ingila kuwa babu abin da ke kunyata baƙo a cikin masu yawo da na'urar gano ƙarfe kamar wannan. Ka tono kwabo, ka goge shi fes, ka kai wa jami'in kayan tarihi kana murmushi, shi kuma ya dube ka kamar ka yi kisan kai. Koren nan da ka kankare shi ne fatar abin, rubutu da hoton sarki a jikinsa suke. Tsami yana cinye shi, ba ya dawowa.

Ga yadda ake gane abu ba tare da an ɓata shi ba. Fara da maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, galibi ƙusa ko takalmin doki ko guntun garma. In bai kama ba, dubi launi. Tagulla da jan ƙarfe kore suke yi, dalma fari-fari da nauyi, azurfa baƙi ko toka-toka, zinariya kuwa yadda ta shiga ƙasa haka take fitowa. In da shakka, auna abin a sikeli, sannan ka rataye shi da zare cikin kofin ruwan da ke kan sikelin da ka mayar sifili, kada ya taɓa gindi. Raba nauyin farko da nauyin da sikelin ya nuna yanzu. Kusan 2.7 alminiyam ne, 8.9 jan ƙarfe, 10.5 azurfa, 11.3 dalma, 19.3 tsantsar zinariya. Idan ka ga kore mai haske yana zuba kamar gari, ciwo ne ke cin tagullar, sai ajiya a busasshen wuri.

Doka ma ba ta wasa. Kowace gona da mai ita, sai da izininsa, wuraren tarihi da aka keɓe kuma haramun ne. Dokar 1996 ta ce abin da ya kai shekara 300, in ba kwabo guda ɗaya tak ba ne, mai aƙalla kashi 10 cikin 100 na zinariya ko azurfa, dole a sanar cikin kwana 14. Wa ake sanarwa? Jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa. Ni dai har yau abin yana ba ni mamaki. A Sikotilan kuwa duk abin tarihin da aka tono na masarauta ne. Mai siffar bam ko gurneti, kada ka taɓa, ja da baya ka kira 999, lambar kiran gaggawa.

Ɗan dunƙulen dalma mai layi a tsakiya harsashin tsohuwar bindiga ne. Amma akwai wani faifai na dalma mai huda a tsakiya da sababbi kan yi ta gardama a kansa, wasu su ce na kamun kifi ne. Bahaushe ba ya buƙatar littafi: gululun mazari ne. Namu na yumɓu, nasu na dalma, aikin ɗaya. Kana tsaye cikin taɓo da sanyi, ka gane abin kafin 'yan ƙasa, ka ji kai ma wani ne, sai kuma ka tuna tsofaffin da ke kaɗi a tsakar gida, ka duba agogo ko sun kwanta.